'Ya'yanmu a Jami'ar Katolika ta Kwatano: Abin da Uba Zai Tambaya Kafin Ya Biya

 

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, akwai tambayar da take biyo ni har zaure. Bana ma wani maƙwabcina a nan Avotrou ya tare ni bayan La'asar, ya ce: "Malam, yarinyata ta ci, kuma ta nace sai UCAO za ta karanta aikin lauya. Ya halatta in kai ta makarantar fada?"

Mu fara sanin abin da ake magana a kai. UCAO jami'a ce mai zaman kanta wadda manyan limaman Katolika na Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci suka kafa a shekarar 2000. Tana da rassa a Abijan, Lome, Bamako, Bobo-Dioulasso da nan Kwatano. Reshenmu yana Cadjèhoun, kuma abin da ake koyarwa a can shi ne doka, tattalin arziki, gudanarwa, aikin gona, lantarki da kwamfuta. Ba makarantar horar da limaman coci ba ce. Iyaye kuwa suna waiwayarta ne saboda cunkoson Abomey-Calavi, inda malami ba ya sanin fuskar ɗalibinsa.

Game da hukunci, koyon ilimin duniya a hannun wanda ba Musulmi ba halal ne a asalinsa. Malaman sira sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin Ƙuraishawa sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu. Sharaɗin shi ne kada ɗalibi ya rasa addininsa a hanya. To a nan ne aikin yake, kuma a nan ne iyaye suke sakaci.

Da yawanmu ba mu san cewa su kansu suna da doka a kan wannan ba. A shekarar 1990 Fafaroma John Paul na Biyu, wanda ya gana da shugabannin Musulmi a Parakou a 1993, ya fitar da ƙa'idar tafiyar da jami'o'in Katolika. A cikinta an nemi wanda ba ɗan Katolika ba ya mutunta tsarin makarantar, ita kuma makarantar ta mutunta 'yancinsa na addini. A Amurka, jami'ar Georgetown ta Katolika ta ɗauki limamin Musulmi na dindindin tun 1999. Ke nan uban da ya shiga ofis ya tambayi inda 'yarsa za ta yi Azahar, ko ta shiga aji da hijabinta, ba alfarma yake roƙo ba. Amma mu sai mu biya kuɗi mu juya, kunya ta hana mu buɗe baki, daga baya mu zo muna ƙorafi a masallaci.

Juma'a ita ce ma'aunin farko. Ranar aiki ce a ƙasar nan, kuma yaron da ya tsallako gada daga Akpakpa ba zai hau zemijan ya dawo unguwa ya koma aji ba. Ya san masallacin da ke kusa da makaranta, uba kuma ya ga jadawalin darasi da idonsa. Na san wani yaro a wata makaranta mai zaman kanta da ya shekara bai halarci Juma'a ba. Ba wanda ya hana shi. Darasi ne ya faɗo a lokacin, bai tambaya ba, ranar farko ya ji nauyi, ta biyar kuwa bai ji komai ba.

Sai wasanni. Ni ban ga laifin ƙwallo ba, mu ma mun buga a ƙasar Larabawa da jallabiyarmu a naɗe. Motsa jiki alheri ne, kuma a fili ne yaro yake samun abokan da za su riƙe shi a rayuwa. Abin lura shi ne abin da ke kewaye da wasan: tufafin da za a ba 'ya mace, atisayen da ke cinye Magariba, da shagalin bayan nasara inda kwalba take zagayawa. Ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakiyar shekarar karatu, cikin zafin Fabrairu da Maris. Ɗan wasa ya gaya wa mai horarwa tun kafin a ga wata, kada ya bari sai ranar gasa.

Akwai kuma maganar takarda, wadda ba ta da alaƙa da coci ko masallaci. Tun 2017 gwamnati ta kawo jarrabawar ƙasa ta lisans ga ɗaliban makarantu masu zaman kansu. Uba ya tambaya: wannan fannin, hukuma ta amince da shi? CAMES, mai tantance shaidun jami'o'in ƙasashenmu, ta san da shi? Ina jaddada wannan ne domin ni ganau ne. Mun dawo daga waje da shahadodi masu nauyi, muka tarar ofisoshi ba su san inda za su ajiye mu ba. Ba na so 'ya'yanmu su ɗanɗana irinta bayan iyaye sun zuba dubban jikkoki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya dai namu ne. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne a Benin, 'yan Katolika kashi 25.5. Ina jami'armu da za a ajiye kusa da tasu? Nijar tana da ta Say tun 1986, Katsina ta buɗe Al-Qalam a 2005. Attajiran Zongo da Dantokpa ba su gaza ba, sai dai mun fi son ɗora hasumiya a kan hasumiya. Kafin mu farka, ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta ACEEMUB da shugabannin Musulmi na ƙasa su zauna da hukumomin irin waɗannan makarantu a kan lokacin Juma'a da wurin salla, a rubuta, kada kowane yaro ya riƙa fama shi kaɗai.

Shi kuwa maƙwabcina na ce masa ya halatta, amma kada ya aike ta ita kaɗai ranar rajista. Ya raka ta, ya yi tambayoyinsa cikin mutunci, idan amsar ta kwanta masa sannan ya je wurin biya.