Masu Roƙon Beli Washegarin Sallah

Sau biyu a kowace shekara zangunanmu na Gana kan yi wani hawa wanda babu sarkin da ya kira shi, babu limamin da ya sa masa albarka. Da an sallame sallar idi, tun mata ba su gama naɗe tabarmi ba, sai babura su ɓalle. Daga babban titin Nima zuwa Mamobi, daga Aboabo zuwa Asawase, haka a Madina da Ashaiman: samari uku uku a kan babur guda, an cire salansa don ƙara ta kai nesa, babu hular kwano, wani babur ɗin ko lamba ba shi da ita. Wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya miƙe tsaye ya saki hannu, ga aboboya shaƙe da ƙananan yara cikin sababbin kaya tana binsu a baya. Kafin la'asar an fara kai wasu asibitin sojoji na 37 ko Korle Bu ko Komfo Anokye, an fara tara wasu a caji ofis.

Washegari sai hawa na biyu ya tashi, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Dattawanmu za su saka manyan rigunan da suka je idi da su, su naɗa rawani, su jeru a bencin caji ofis suna jiran babban jami'i ya fito. Ranka ya daɗe, yaro ne. Ranka ya daɗe, murnar Sallah ce. A kira ɗan majalisa, a kira wani mai faɗa a ji, a yi ta lallashi har a saki yaro da babur. Daga nan kowa ya koma gida yana ganin ya yi wa al'umma aiki. Mu kuwa tambayarmu ga iyayenmu, cikin ladabi, ita ce: ina waɗannan rawuna suke kwana goma kafin Sallah? Mutuncin da ake kashewa a bencin 'yan sanda bayan ɓarna ta auku, da an kashe rabinsa a majalisun samari kafin ta auku, da benci bai ga kowa ba.

Akwai masu cewa al'ada ce, wai babur ya maye gurbin doki, abin da kakanni suka yi a kan sirdi shi jikoki ke yi a kan inji. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa ya kalli hawan Sallah da idon basira ba. A Kano, ranar hawan daushe, kowane hakimi ya san wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Hanyar da sarki zai bi sananniya ce, dogarai na gefe suna tare jama'a, 'yan lifida da 'yan kwalkwali kowa da matsayinsa. Ko jahin da ake yi a Ƙofar Kudu, wanda shi ne ya fi kama da ganganci a idon baƙo, gwanintarsa tana cikin tsayawa: mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, ya yi jinjina. Wanda dokinsa ya ƙwace ya faɗa cikin mutane abin kunya ya yi, ba a yi masa kirari. Wannan tsari ne ya sa UNESCO ta sanya hawan Kano cikin kayan gadon duniya a ƙarshen 2024. A nan gida ma, jerin gwanon sarakunan zango da mutanen Kumasi ke kira gangara yana da shugabanni da makaɗa da hanyar da ake bi. Yaron da ya ɗaga ƙafar babur a tsakiyar masu tallan waina, a gaban wane sarki zai ja birki? Wa yake yi wa jinjina, in ba wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa ba?

Su ma masu wayoyin suna da kasonsu. Kafin magariba hoton ya zaga kowane dandali, har zauren da aka buɗe don sanarwar jana'iza da na masu kiwon tattabaru, ana dariya ana yaba jarumta. Wanda bai hau bana ba ya gani, ya ƙudurta cewa baɗi da shi za a yi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa 'yan sanda ba su kallon ɗan zango kamar sauran 'yan ƙasa, don haka duk mai kiran a ƙara tsaro ranar Sallah yana kira wa 'ya'yanmu kulki ne. Mun san inda wannan magana ta samo asali. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a Manso Nkwanta, 'yan zangon Kumasi, suka ce 'yan fashi ne. Asawase ta tashi tsaye, gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin bai sami shaidar da ta tabbatar da zargin ba, aka dakatar da jami'ai 21, aka biya iyalai diyya. A watan Yunin 2021 sojoji suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Ejura bayan kisan Kaaka, mutum biyu suka mutu. Tsofaffinmu kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta watsa gidajen da aka haifi mutane a cikinsu. Mai irin wannan tabo in ya ga motar 'yan sanda ta shigo unguwa gabansa ya faɗi, ba a ce masa mai tsoron banza.

Amma a duba inda hujjar take kaiwa in an bi ta zuwa ƙarshe. Al'ummar da ta san ana yi mata kallon tuhuma, ita ce ta fi kowa buƙatar kada ta miƙa wa mai tuhumarta sanda. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana bisa ƙidayar 2021, Hausawa kuwa ɗan yanki ne a cikinsu, amma da yake harshenmu ne harshen zango, duk abin da ya faru a zango da sunanmu ake rubuta shi. Maƙwabcinmu Bagaye ko Ba'asante ba ya zuwa filin idi ya ji huɗuba. Abin da yake gani na Sallah shi ne abin da ya tare masa hanya. A duk shekara kwana biyu ne kacal idon ƙasa ke kanmu, mu kuwa mun zaɓi mu cika su da ƙarar salansa. Sa'an nan in an tashi ɗaukar ma'aikata ko ba da hayar ɗaki aka ga Nima a takarda aka yatsina fuska, mu ce ƙiyayya ce zalla. Akwai ƙiyayya, amma mu ma muna zuba mata taki.

Wannan bai wanke 'yan sanda ba. A je Kwahu lokacin Ista a ga yadda ake tsaron biki idan an ɗauke shi da daraja. Dubban mutane ke hawa dutsen daga ko'ina cikin ƙasa, ana kiɗa a titunan Mpraeso da Obomeng har asuba, tun 2005 ana tashi da lema daga saman Odweanoma. Tun kafin ranar ake zama da sarakunan gargajiya da hukumomin yanki, a tsara hanyar shiga da ta fita, a jibge jami'ai da motocin asibiti, a yi ta sanarwa a rediyo. Masu shan giya da masu tuƙin ganganci ba su ƙaranta a can ba, amma an ɗauki taron a matsayin baƙi da za a kare. A zango kuwa abin da muka fi sabawa da shi iri biyu ne: ko a ja da baya a zuba ido har jini ya zuba, ko a shigo da samame a kwashi mai laifi da mai kallo. Jami'in da ya bi yaro a guje cikin lungun da ke cike da 'yan yawon Sallah ya ninka haɗarin da ya zo ragewa. Wanda kuma ya tare babur ya karɓi na goro ya sake shi ya koya wa yaron cewa doka tana da farashi.

Abin takaici shi ne doka ta ba mu ƙofar da ba mu shiga. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ware taron ibada, ba a neman sanarwa don sallar idi. Amma jerin gwano da bikin titi, dole masu shirya su su sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. Ma'anar wannan ita ce akwai mai shiryawa, mai suna da sa hannu, wanda za a zauna da shi a tsara hanya da lokaci, wanda kuma yake da bakin cewa ga titin da muke so a rufe, ga inda muke so jami'ai su tsaya. Hawan babura ba shi da mai shi, shi ya sa ba shi da mai kare shi. Haka kuma kundin tsarin mulki na 1992 ya ce duk wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ranakun hutu da ƙarshen mako suna cikin lissafin. Dattijon da ya san wannan ba ya buƙatar durƙusawa. Zai tambayi laifin da ake tuhumar yaro da shi, ya duba agogo, ya nemi lauya. Roƙo ya zama sana'armu ne saboda mun ƙi koyon haƙƙinmu, kuma mun ƙi yarda a hukunta namu ko da ya karya ƙafar 'yar maƙwabci. Ita wannan yarinyar ba mu taɓa ganin tawagar rawuna ta je asibiti dominta ba.

Kada wani ya ce sarakunan zango ba su da iko. Masu masaukinmu a Ankara, Gayawa, kan hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda kafin bikin Homowo, majami'u da masallatai su rage lasifika, birni mai miliyoyin mutane ya bi. Ba su da kurkuku, suna da dai al'umma da ta yarda cewa bikin nata ne kuma ita ke da alhakinsa. Mu muna da sarakunan ƙabilu a kowane zango, muna da limaman Juma'a, muna da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari kuma shugabannin ƙasa ke zuwa gaishe shi har gida. Muna da majalisun shayi da samari ke kira bes, kowacce da shugabanta, kuma babu babur ɗin da ke fita hawa ba tare da an san daga wace majalisa ya fito ba. Makanikin da ya cire salansa ɗan unguwa ne. Mai babur ɗin da ya ba yaro ɗan shekara goma sha biyar aro yana sahun gaba a masallaci. Lokacin zaɓe ana iya tara waɗannan samari duka cikin dare ɗaya a raba musu riguna da kuɗin mai. Ashe hanyar isa gare su a buɗe take, sai dai in maganar ransu ce ake rasa ta.

Abin da muke nema ba ya bukatar kuɗin Asusun Raya Zanguna. A goman ƙarshe na azumi, da kuma farkon Zulhajji, majalisar sarakunan kowane zango ta kira shugabannin bes da kwamandan 'yan sandan yankin su zauna a tabarma guda. A rubuta sanarwa da sunan majalisar. A ware titi ɗaya da awanni sanannu, a rufe shi ga motoci, wanda ke son nuna gwaninta ya zo da hular kwano da lasisi ya nuna a can, samarin unguwa masu riguna iri ɗaya su tsare gefe kamar dogarai. Lungunan da yara ke yawon barka da Sallah kuwa a haramta wa babur gudu a cikinsu. A faɗa a kan mumbari, da Hausa, ranar Juma'ar da ta gabaci idi, cewa wanda ya saɓa aka kama shi babu rawanin da zai bi shi caji ofis, sai dai lauya da zai tabbatar ba a zalunce shi ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mai wuya, don ranar da za a gwada ta wataƙila ɗan sarki ne ko jikan liman a bayan kanta.

In ba mu yi ba, akwai mai yi mana. Kano da muke tinƙaho da ita ta ga haka: da rikicin sarauta ya raba gari biyu, rundunar 'yan sanda ce ta fito a 2024 ta ce babu hawa, ta sake maimaitawa a 2025, dawaki suka kwana a turke ranar Sallah. Wannan a garin da Hausawa ke da sarauta da gwamnati da rinjaye ke nan. A ƙasar da sai cikin shekarun 1990, zamanin Rawlings, aka mayar da ranakun idi hutun ƙasa, umarni guda daga hedikwata ya isa ya hana duk wani jerin gwano a zango, gangara da babura a kwando ɗaya, kuma maƙwabta za su tafa. A 2025 majalisar dokoki ta ƙara mana ranar hutu bayan ƙaramar Sallah. Ga mai babur, wannan kwana biyu ne a jere maimakon ɗaya, kuma in sun haɗu da Asabar da Lahadi sun zama huɗu.