Kifi Biyu a Wuni: Shin Dokar Ƙayyade Kamun Kifi Takurawa Ce?



A yau zan ɗauki mai karatu zuwa wuri mai nisa kuma mai tsananin sanyi, wato gaɓar Tekun Fasifik da ke yammacin nahiyar Amurka ta Arewa, tun daga jihar Kalifoniya, a bi ta Oregon da Washinton, a ratsa lardin Biritish Kolombiya na ƙasar Kanada, har a dangana da jihar Alaska. A wannan yanki akwai ɗimbin mutane da kan fita teku da fatsa don nishaɗi da samun abin kai wa iyali, alhali su ba masunta ba ne a sana'a. Mutum zai yanki lasisi, ya biya kuɗin jirgi, ya wuni yana shan sanyi da wujijjigar igiyar ruwa, amma doka ta riga ta ƙayyade masa yawan kifin da zai koma da shi gida, da tsawon da kifin zai kai, da ranakun da aka yarda ya jefa ƙugiya. Da yawa daga cikinsu na ɗaukar wannan a matsayin takurawa. Ni kuwa a ganina dokar tana kan gaskiya. Zan kawo dalilaina, sa'annan in nuna inda nake ganin masu ƙorafin suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Da farko dai bari mu san kifayen da ake magana a kansu. Na farko shi ne halibut, wani kifi mai faɗi kamar faifai wanda ke kwanciya a ƙasan teku. Akan ƙyanƙyashe shi da ido ɗaya a kowane gefe kamar sauran kifaye, amma kafin ya cika shekara sai idonsa na hagu ya zagayo gefen dama, ya koma kwanciya a kan gefensa na hagu, idanun biyu suna duban sama. Yakan yi girman ban mamaki. Wanda aka kama da fatsa a kusa da Unalaska a shekarar 1996 ya kai nauyin kilo 208, wato ya ɗara buhun siminti huɗu. Abin lura a nan shi ne, kusan duk irin waɗannan manya mata ne, macen kuma ba ta fara ƙwai sai ta kai kimanin shekara 12, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwanta, har ta kan zuba miliyoyi a lokaci guda.

Na biyu shi ne salmon, wanda ke da manyan jinsi biyar a wannan gaɓa, babbansu shi ne wanda ake kira Shinuk. Shi ana ƙyanƙyashe shi ne a cikin tsakuwar ƙoramu masu sanyi, ya gangara teku ya yi 'yan shekaru yana girma, sa'annan ya juyo ya hau kogi yana sãɓa wa ruwa har ya isa ƙoramar da aka haife shi, ya zuba ƙwai sau ɗaya tak, ya mutu a nan. Ke nan duk salmon ɗin da aka kama a teku bai taɓa haihuwa ba, kuma ba zai haihu ba. Idan mai karatu ya riƙe waɗannan bayanai biyu, jinkirin balagar halibut da haihuwar salmon sau ɗaya, to ya riƙe mabuɗin fahimtar duk dokokin da za su biyo baya.

Ruwa ba ya tsami banza. An fara kamun halibut don kasuwa a shekarar 1888, lokacin da jirgin ƙasa ya ba da damar ɗaukar kifi cikin ƙanƙara zuwa biranen gabashin Amurka. Ba a yi shekara 30 ba sai masuntan da kansu suka lura cewa sai sun ƙara nisa cikin teku kafin su sami abin da a da suke samu a bakin gaɓa. Wannan ne ya sa Amurka da Kanada suka rattaba hannu kan yarjejeniyar halibut a watan Maris na 1923, wadda ita ce yarjejeniya ta farko da Kanada ta sa wa hannu ita kaɗai ba tare da wakilin Birtaniya ba. Yarjejeniyar ta hana kamu na wata uku a lokacin hunturu, lokacin da kifin ke zuba ƙwai, ta kuma kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a birnin Seattle. Har yanzu hukumar kan auna yawan kifin, ta zauna a farkon kowace shekara ta yanke adadin da za a kama. A 2025 ta rage wannan adadi da kusan kashi 16 cikin 100, saboda kifin ya yi ƙaranci. Shi ma salmon ya sami tasa yarjejeniyar tsakanin ƙasashen biyu a 1985, domin kifin da aka haifa a kogin Kanada kan bi ta ruwan Alaska, na kogunan Amurka kuma kan bi ta ruwan Kanada.

To, yaya dokar take ga mai fatsa? A Alaska, kamar yadda take a 2024, wanda ya fita da jirginsa an yarda ya riƙe halibut biyu a wuni. Wanda kuwa ya hau jirgin haya mai jagora a kudu maso gabashin jihar, tun 2009 ɗaya kacal aka yarda masa. A 2012 aka ƙara wani sharaɗi mai kama da almara: kifin ya kasance bai wuce inci 45 ba, ko kuma ya kai inci 68 zuwa sama, duk wanda ya faɗo tsakani a mayar da shi ruwa. Waɗannan alƙaluma kan sauya kusan kowace shekara, amma manufar ɗaya ce, a rage nauyin abin da ake kwasa ba tare da an rufe kamun ba, kuma na tsakanin da ake saki mafi yawansu mata ne masu ƙwai. A wani yankin akan rufe wasu ranakun mako, kamar Laraba, ga jiragen haya. An kuma hana yanka kifin gunduwa-gunduwa a cikin teku ta yadda jami'i ba zai iya ƙirga ko nawa ne ba, an hana sayar da kifin da aka kama da lasisin nishaɗi, an hana kama shi a bar shi ya lalace.

Dokar salmon ma haka take. A Biritish Kolombiya da ruwan jihar Washinton, wajibi ne a yi amfani da ƙugiya marar kunne, don a iya zare ta ba tare da an yaga bakin kifin da za a saki ba. Kuma da yake akwai gidajen ƙyanƙyasa da ke sakin miliyoyin 'ya'yan salmon cikin koguna, akan yanke musu wani ɗan ƙaramin fiffike da ke bayansu kusa da wutsiya kafin a sake su. A wurare da dama, idan ka jawo kifi ka ga ba shi da wannan fiffike, naka ne. Idan yana da shi, to haifaffen ƙorama ne, sai ka mayar da shi ya je ya haihu.

Hujjar farko da masu ƙorafi kan kawo ita ce: me kifina biyu za su rage wa teku? Amsa ita ce, da yayyafi kogi kan cika. Mutum ɗaya ba ya ganin tasirin hannunsa, amma idan aka tara hannayen dubban mutane na tsawon bazara guda, abin kan zama kaso mai nauyi. Shi ya sa tun 2012 Kanada ta ware wa masu fatsar nishaɗi kashi 15 cikin 100 na halibut ɗin da take rabawa tsakaninsu da masunta 'yan kasuwa. Wanda kuma yake zaton teku ba ya ƙarewa, ya waiwayi Newfoundland a gabashin Kanada, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kwasar kifin kod, har a watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a, ba a kuma sake buɗewa ba sai a 2024, shi ma kaɗan. A kogin Kenai na Alaska an kama Shinuk mai kilo 44 a 1985, amma a 2023 sai da aka hana kamun Shinuk a kogin gaba ɗaya. A Kalifoniya an rufe kamun salmon a teku a 2008 da 2009, aka sake rufewa a 2023 da 2024. Idan har mutum ya ƙi yarda da biyu a yau, gobe ko ɗaya ba zai samu ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na yarda da mafi yawanta. Suna cewa: ana auna kifinmu da inci, ga manyan jiragen kamfanoni a Tekun Bering suna jan taru a ƙasan teku don kamun wasu kifaye, suna haɗawa da tarin ƙananan halibut waɗanda doka ta hana su sayarwa, sai su zubar da su, da yawa a mace. Suna kuma cewa abin da ya fi halaka salmon shi ne madatsun ruwa da suka tare masa hanya, irin madatsar Grand Coulee a kogin Kolombiya wadda aka gina ba tare da mashigar kifi ba, ga fari, ga ɗumamar ruwa. Wannan gaskiya ce. Dokar da ta tsananta wa ƙarami ta sassauta wa babba tana zubar wa kanta mutunci, kuma duk hukumar da ke son a bi ta da zuciya ɗaya dole ta fara da wanda ɓarnarsa ta fi yawa. An ɗan motsa ta wannan fuska. Daga 2024 an ɗaure iyakar halibut ɗin da wani rukunin jiragen taru na Bering zai iya halakawa da yawan kifin da ke ruwa, ta yadda idan kifi ya ragu iyakar ma ta ragu. A kogin Klamath an rushe madatsu huɗu tsakanin 2023 da 2024, kuma kafin ƙarshen 2024 aka ga salmon a wuraren da ya yi fiye da shekara 100 bai taka ba. A ganina wannan gyara bai isa ba tukuna, kuma masu fatsa suna da haƙƙin ci gaba da ɗaga murya.

Sai dai ɗaga murya daban, karya doka daban. Laifi tudu ne, kowa kan taka nasa ya hango na wani. Wanda ya ɓoye kifi na uku a ƙarƙashin kujerar jirgi don yana jin haushin kamfani, ko kwabo bai rage wa kamfanin ba. Waɗanda ya cuta su ne mutanen da ba sa cikin jirgin. Akwai ƙabilun asali na jihar Washinton da suka sallama ƙasarsu a yarjejeniyoyin 1854 da 1855 bisa sharaɗin a bar musu kamun kifi, waɗanda sai a 1974 alƙali George Boldt ya tabbatar musu da haƙƙin rabin abin da za a kama. Akwai mutanen ƙauyukan kogin Yukon, waɗanda busasshen salmon ne guzurinsu na hunturu tun kaka da kakanni, amma a 2024 Alaska da Kanada suka yi yarjejeniyar dakatar da kamun Shinuk mai hawa zuwa Kanada har tsawon shekara bakwai. Idan an ce wa wanda kifi ne abincinsa ya haƙura shekara bakwai, da wane baki wanda kifi ne nishaɗinsa zai ce biyu a wuni sun yi masa kaɗan? Sa'annan akwai 'ya'yan mai fatsar kansa, waɗanda ba su isa zuwa taron hukuma su nemi a rage musu ba.

Abin da ya fi jan hankalina a duk wannan tsari shi ne yadda ya dogara da amana. A jihar Washinton akan ba mai lasisi kati, a ce da zarar ya riƙe salmon ko halibut ya rubuta nan take kafin ya sake jefa ƙugiya, a ƙarshen shekara ya mayar da katin. Jami'an sintiri kaɗan ne, teku kuwa faɗi gare shi, saboda haka mafi yawan lokaci babu mai ganin mutum sai Mahaliccinsa. Daga irin waɗannan bayanai ne masana ke lissafa abin da aka kama, daga lissafin kuma ake yanke adadin baɗi. Ke nan wanda ya rubuta ƙarya ya gurɓata ma'aunin da za a auna wa kowa da shi, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, lokacin da matan da ya kamata su yi ƙwai suka zama babu su.

A taƙaice dai, ya mai karatu, matsayina shi ne: ƙayyade kamu adalci ne ga waɗanda ba su da murya a wurin rabo, kuma ya kamata mai fatsa ya kiyaye shi ko da jami'i ba ya nan. Hukumomi kuma su sani cewa biyayyar talaka bashi ne a kansu, sai sun biya shi ta hanyar auna manyan jirage da masu madatsun ruwa da irin mudun da suke auna mai ƙugiya ɗaya. Halaccin abu bai ba mutum izinin kwashe shi duka ba, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, a tudu ko a ruwa. Wanda duk Allah ya kai shi waɗannan ƙasashe don karatu ko aiki, aka gayyace shi fita teku, ya nemi dokar wannan shekarar da ta wannan yankin ya karanta kafin ya hau jirgi, domin takan sauya har a tsakiyar lokacin kamu.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu zama masu riƙon amana a ɓoye da bayyane.