Sun Kunna Fitila Sun Ajiye Akwati, Mu Me Muka Ajiye?

Duk shekara, da zarar watan Disamba ya kama, hotunan nan sukan riske mu a wayoyinmu: gidan wani Bature a Ingila ko Amurka an lulluɓe shi da ƙwayayen lantarki tun daga rufi har dakali, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. A ɗakunanmu na kwana kuwa sai musu ya kaure. Wani ya ce wannan ita ce wayewa, in Allah ya hore masa haka zai yi wa gidan babansa ran Salla. Wani ya taɓe baki ya ce almubazzaranci ne irin na Nasara. Mu dai ba mu tare da kowanensu, domin duka biyun fitilar suka kalla. Ba wanda ya lura da ɗan akwatin da ke ajiye a bakin ƙofa, alhali kuwa a cikinsa darasin yake.

Bari mu fara bayyana yadda al'amarin yake. A shekarar 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya fara rataya ƙwan lantarki guda 80 a jikin itacen Kirsimeti a gidansa da ke birnin New York. Daga nan abin ya bazu, ya fita daga ɗaki ya hau bango, har ya zama gasa tsakanin maƙwabta. Can daga baya sai waɗansu suka yi tunani: tun da mutane za su zo kallo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, me zai hana a nemi taimako wurinsu? A 2013 wani magidanci a Kambera, babban birnin Ostireliya, ya kunna ƙwayaye 502,165 a gidansa, ya shiga kundin bajinta na Guinness, kuɗin da 'yan kallo suka zuba kuma aka miƙa wa wata ƙungiya mai tallafa wa iyayen da jariransu suka mutu farat ɗaya. A Biristol ta Ingila waɗansu 'yan'uwa biyu sun shafe shekara da shekaru suna ƙawata gidan mahaifiyarsu domin asibitin yara na garin.

Ƙa'idar abin mai sauƙi ce. Mai gida shi ke sayen fitilu da aljihunsa, shi ke biyan kuɗin wuta. Tun kafin a kunna, an faɗi sunan wurin da kuɗin za su tafi. In aka kashe fitilu, sai a shelanta abin da aka tara. Baɗi kuma a sake. Ba mu musa cewa akwai fahariya a ciki ba, akwai ma ɓarnar wuta. Amma mutumin nan ya ɗaure fahariyarsa da igiya, ya sa ta jan garma.

To, mu juyo gida. Wa ya ce mu ba mu da fitilu? Je ka gidan biki ka ga yadda ake liƙi, ana tattake takardun kuɗi da takalma. Tsaya bakin hanya ran Salla ka ƙirga motocin 'ya'yan gari da suka dawo daga Gusau, Sakkwato, Kaduna da Abuja, kowa na neman a ce tasa ta fi. Dubi gidan da injin wuta ke ruri har asuba, ƙofarsa tar kamar rana, layin kuwa duk baƙi ƙirin. Ado muna da shi har ya yi mana yawa. Akwatin ne ba mu da shi. Abin da muka ƙirƙira a madadinsa shi ne bikin ƙaddamar da gidauniya: a kafa rumfa, a ɗauko babban mai ƙaddamarwa, maroƙi ya wasa shi, ya tashi ya yi alkawarin miliyoyi, a tafa, a watse. Sau nawa muka ji an dawo an karanta wa jama'a nawa ne suka shigo hannu cikin abin da aka alkawarta, kuma me aka saya da su? Kowa ya tambayi zuciyarsa.

Kada wani ya ɗauka maganar nishaɗi muke yi. Mu 'ya'yan Anka, Gummi da Bukkuyum mun san abin da rashin kuɗi a kan kari yake jawowa, domin mun binne sakamakonsa. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake yi wa laƙabi da Na-gari-na-kowa, suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukanmu. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya cike suke da dalma, ana kawo su cikin gida, ana niƙa su da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya cika. Wanda ya rayu kuma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har abada. Yara fiye da 400 suka rasu. Wani binciken masana ya gano cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun mutu cikin wata goma sha biyu. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega, 'Yargalma, Tungar Guru: waɗannan sunaye sai da duniya ta haddace su kafin da yawa daga cikinmu su san hanyar zuwa can.

Ga inda kuɗi suka shigo. Maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani muddin yaro zai koma gidan da gubar take, saboda haka tilas a fara kankare ƙasar tsakar gida, a zubar, a kawo sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, mafi yawa da kuɗin baƙi. Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira da yara kimanin 1,500. A watan Mayu na 2012 aka yi taro a Abuja kan matsalar, ga alkawarin Naira miliyan 850 daga Gwamnatin Tarayya, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai a watan Janairu na 2013. Cikin waɗanda suka hana gwamnati barci har ta saki akwai waɗansu matasa, irin su Hamzat Lawal, da suka kafa gangamin bin sawun kuɗin. Sa'anninmu ne a lokacin, ba su da sarauta, ba su da kujera. Makaminsu tambaya ce kawai: nawa aka ware, yaushe za a saki, hannun wa za su shiga?

Masifa kuma ba ta tsaya nan ba. A farkon watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi maganar mutum kusan 200 da suka hallaka, dubbai suka tsere suka bar gonakinsu. Garin Anka ya karɓi 'yan gudun hijira har suka cika sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, a watan Satumbar wannan shekarar kuma kwale-kwale ya kife da manoma da dama a kan hanyarsu ta zuwa gona. Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da muka iya shi ne rubuta ta'aziyya da jiran wanda zai zo daga nesa. Ba mu raina alherin baƙo. Amma baƙo raɓa ne: ita kanta MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022.

Mun san amsoshin da za a ba mu, bari mu tare su ɗaya-ɗaya.

Za a ce bayyana sadaka riya ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye sadaka ya fi falala, amma bayyana ta ba laifi ba ne, balle in za ta zaburar da wani. Ban da haka, ana cakuɗa abu biyu da gangan. Ɓoye sunan mai bayarwa ibada ce. Ɓoye lissafin kuɗin jama'a kuwa ƙofar cin amana ce. Abin mamaki, mu mun juya al'amarin: sunan mai alkawari a lasifika, lissafi a aljihun ma'aji.

Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Haƙiƙa aikinta ne, kuma ba za mu sauke mata nauyi ba. Akwatin ɗalibai ba zai kankare ƙauye ba, ba zai kori ɗan bindiga ba. Amma wanda bai iya riƙe Naira dubu hamsin ta ƙungiyar garinsu da gaskiya ba, da wane baki zai tuhumi kwamishina? Yawancinmu gobe mu ne akawu, mu ne ma'aji, mu ne daraktan kuɗi a ƙaramar hukuma. Halin da muka koya a kan ƙaramin akwati, shi za mu kai wa babban baitulmali.

Za a ce kwaikwayon Kirista ne. Ba mu ce kowa ya rataya fitila ba, kuma a garin da wutar lantarki baƙuwa ce, yin hakan izgili ne ga talaka. 'Yan'uwanmu Kirista da muke aji ɗaya ko ofis ɗaya da su, bikinsu ne, muna yi musu fatan alheri. Abin da muke nuni gare shi kayanmu ne tun kaka da kakanni. Mene ne gayya in ba tara ƙarfin jama'a a gonar mutum ɗaya ba? Mene ne tashe in ba wasa a ƙofar gida wanda ke ƙarewa da miƙa kyauta ba? Muna da zakka, muna da waƙafi, jiharmu ma tana da hukuma sukutum domin su. Bature haɗa biki da lissafi kawai ya yi, mu muka raba su.

Za a ce ba mu da kuɗi. Mu yi lissafi. In mutum dubu ɗaya cikin ɗalibai da ƙananan ma'aikata na waɗannan ƙananan hukumomi uku suka riƙa ba da Naira 500 kowane wata, an sami Naira 500,000 a wata, miliyan shida a shekara. Wannan bai gina asibiti ba. Amma ya isa a sa fitilar hasken rana a ɗakunan haihuwa da dama inda ungozoma ke karɓar haihuwa da tocilar waya.

Saboda haka ga kiranmu ga ƙungiyoyin ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Bayero, da ta Tarayya da ke Gusau, da sauran makarantu. Hutun Salla shi ne lokacin da muke haɗuwa gaba ɗaya a gida, mu mai da shi lokacin akwatinmu. Kowace ƙungiya ta zaɓi buƙata guda ɗaya tak, mai suna, mai wuri, mai farashi, bayan ta tuntuɓi ma'aikatan asibiti da mai unguwa, ta kuma sanar da ita tun kafin a karɓi kwabo. Kuɗin hidimar taro su fito daga aljihun shugabanni, kada a taɓa akwati. Ba babban mai ƙaddamarwa, ba alkawari: abin da aka ƙirga a gaban jama'a shi ne abin da aka samu. Ɗan siyasa in ya so ya zuba nasa kamar kowa, amma ba za a rubuta sunansa a bango ba. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Kafin wata Sallar ta zagayo a liƙa lissafi da rasit a ƙofar masallacin Juma'a, da boko da ajami, a kuma karanta shi da babbar murya domin wanda bai iya karatu ba. Shugaban da ya kasa yin haka, kada a sake zaɓensa.

Yaran da aka haifa a Bagega shekarar da aka gano dalma yanzu sun zama samari da 'yammata. Waɗansunsu za su iso wannan jami'a, su zauna a kujerun da muke zaune. Waɗansu kuwa dalma ta riga ta yanke musu hanya tun suna goye. Ranar da na farkon suka tambaye mu abin da muka yi wa na biyun, muna so a sami takardar lissafi da za mu miƙa musu.