Wa ya ce ƙarfi namiji ne?

A ajin Ingilishi na bara, mushe ya jera muna kalmomi bakwai a allo: strong, vigorous, energetic, robust, lusty, potent, virile. Ya ja layi ƙarƙashinsu ya ce duk ma'anarsu ɗaya, mu hardace. Sati na zagayowa wata ƴar ajinmu ta karanta debuwar ɗinta a kan kakarta, tsohuwar da har yau take zuwa gona da ƙafa, ta ce kakar virile ce. Mushe ya ƙyalƙyale da dariya, aji ya bi shi, har da ni. Kunyar dariyar nan ce ta sa ni wannan rubutu. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, abin da aka koya mata ta maido. Mai laifin shi ne wanda ya ja layin.

Kalmomin nan ba ƴan uwa ɗaya ba ne. Energetic daga Girkanci ta fito, tushenta ergon, wato aiki, ana faɗinta ga yaro, ga mace, ga kwikwiyo. Robust daga robur ne na Latin, sunan wani itace mai tauri, shi ya sa take tafiya da jikin da ba ya saurin kamuwa da ciwo. Vigorous na nuna kuzarin da ake gani cikin motsi, ko cikin gardama. Ita kuwa virile uwarta vir, ma'ana namiji, kuma a bakin mai jin Ingilishi na yau tana kai tunani ɗakin kwana kafin ta kai shi gona.

Mu da muka taso da Faransanci muna da wani tarkon daban. Impotent a Faransanci mutum ne da tsufa ko ciwo ya hana shi motsi. A Ingilishi, in ka faɗi haka a kan namiji, ka ce ba ya iya kwanciya da iyali. Ka je Kano ka gabatar da baffanka da wannan kalma ka gani.

Amma abin da ya fi cin raina ya wuce jarrabawa. Ku duba wa ake ba kowace kalma. Spry kusan kullum tsoho ake faɗa wa, tana ɗauke da mamaki: a shekarunsa har yanzu yana tsalle? Feisty, wadda asalinta sunan ƙaramin kare ne mai yawan haushi a Ingilishin Amurka, galibi mace ko ƙaramin mutum ake liƙa wa. Yabo ne mai raini a ciki. Daga vir ɗin nan aka samu virtue, kyawun hali, aka kuma samu virago. Da can virago jarumar mace ce, yau masifaffiya ce. Tushe ɗaya: namiji ya tashi da nagarta, mace ta tashi da zagi. Wanda ya ce muku waɗannan kalmomi masu ma'ana ɗaya ne, ya ɓoye muku rabin harshen.

Na san abin da za a ce a fada, don an riga an faɗa mini ana zuba shayi na biyu: to ai nasara ne, harshensu ne, ina ruwanmu? Kar mu yi saurin wanke kanmu. Mace ta yi naƙuda kwana biyu, ko ta riƙe marayu biyar da kuɗin ƙosai, me muke cewa? Ta yi namijin ƙoƙari. Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, lokacin da garuruwa da yawa suka watse, amma in za mu yabe ta sai mun aro mata mazantaka. Ciwon da ke cikin virago yana cikin bakinmu mu ma. Ni ban cire kaina ba, jiya ma na faɗa.

Inda Hausa ta fi mu hankali shi ne ta raba abubuwan da muke cakuɗawa. Ƙarfi daban, kuzari daban. Karsashi na zuciya ne, mutum na iya rasa shi da ƙoshin lafiyarsa. Zafin nama sauri ne. Himma da ƙwazo ba ruwansu da damtse. Kazar-kazar kuwa kana jin motsin a cikin kalmar kanta. Babu ɗaya a cikinsu da ta tambayi mace ce ko namiji. Amma ka ba ɗan jami'a fassara, duk ya haɗa su ya rubuta "ƙarfi", kamar dai mushe da layinsa.

Mai talla kuwa ya gane wannan tun kafin mu. Ku tsaya gaban tiren mai maganin bakin hanya a kasuwar Maraɗi, inda kayan Najeriya ke shigowa da rubutun Ingilishi a jikinsu. Power, strong, energy, man, ga hoton doki ko zaki ko wani ƙato ba riga. Saurayi bai karanta Ingilishi ba, amma ya gane saƙon: gajiya rashin mazantaka ce, ga maganinta. Ɗan kabu-kabun da ya wuni bisa babur tun asuba barci yake bukata da abinci. Abin da ake miƙa masa tramol ne, da sunan ƙarfi. Duk mun san wani a unguwa da ya fara da ƙwaya ɗaya don ya jure aiki, yau hannunsa rawa yake in bai sha ba. Ban ce kalma ce ta ɗura masa ba. Talauci ne da rashin sa ido. Amma kalmar ce ta sa ya haɗiye ba tare da jin kunya ba, har da alfahari.

Ƴar ajin namu ta gyara debuwar ɗinta, ta sa spry, mushe ya ba ta 14 bisa 20. Da na tambaye ta yadda za ta faɗa da Hausa, ba ta yi wani tunani ba. Ta ce tsohuwar tana da sauran kuzarinta, kuma ta fi mushe zafin nama.