Masu Haɗa Mana Afish, Ku Daina Aiko Mana Da Hazo

Yau maganarmu da masu haɗa afish take: ƴan sibar, matasa masu kwamfuta da sakatarorin ƙungiyoyi.

Kullum sanarwa na shigowa gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp: ɗaurin aure, wa'azi, ranar rigakafin yara, cigiyar yaron da ya ɓata. Da yawansu ba su karantuwa. A lambar waya ba ka bambanta 3 da 8, kwanan wata ya narke kamar an zuba masa ruwa. Uwar da ke cigiyar ɗanta fa? Lamba ɗaya ta dushe, wanda ya ga yaron ya kira wani can daban.

Ga inda matsalar take. Abin da kuke zanawa cikin CorelDraw ko Illustrator, bekta ake ce masa. Kwamfuta na adana shi kamar awon tela: layi kaza, lanƙwasa kaza, launi kaza. Ko bangon lakwal za a cika da shi, bakin harafi na nan tsaf. To amma Facebook ba ya karɓar CDR ko SVG a matsayin hoto. Dole a mai da zanen ɗigo-ɗigo, wato piksel, kamar riga ce da aka riga aka ɗinka: ka ja ta, ta yage. Wurin wannan juyi ake yi mana ganganci.

Wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoton fuskar kwamfuta, har da inuwar hannunsa. Wani kuma ya turo fayil ɗin da aka shirya domin injin buga takarda. Takardar A4 a kan ɗigo 300 kowane inci, piksel 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo, kusan miliyan 9. Waya ba ta bukatar haka. Faɗin 1080 da tsawon 1350 ya wadatar, bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Mutumin Gabi, Safo ko Sarkin Yamma, da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, don mi za ku cinye masa ɗan forfensa a kan katin biki?

Mun san amsarku: "WhatsApp ne ke lalata hoto." Gaskiya ne yana matse shi. Sai dai abin da ya shiga da tsabta, da tsabtarsa yake fita ko an matse. Wanda kuka cusa wa sunaye 40 da ƙananan haruffa, kuka sa rubutu ja a kan kore, tun a hannunku ya mutu. Haba jama'a!

Abin da muke nema ba ya cin ko dala. Ku ajiye asalin zanen wurinku, ku fitar da na waya daban. In rubutu da tambari suka fi yawa, ku fitar da PNG, don JPEG na sa datti a gefen haruffa. In hoton mutane ne ya cika shi, JPEG ya fi sauƙin nauyi. Masu shafin intanet kuma, ga WebP da Google ya fitar tun 2010, ya fi su rage nauyi. Dogon jerin sunaye ku tura shi a PDF. Kafin ku saki, ku buɗe shi a ƙaramar waya, ku miƙa wa dattijo ya karanta. Ku kuma rubuta rana, wuri da lamba a ƙarƙashin hoton, ko ku haɗa da saƙon murya saboda waɗanda ba su karatun boko.

Mu ma masu turawa, mu daina ɗaukar hoton hoto muna watsawa. Wanda kuma ya biya kuɗin afish, ya duba a wayarsa kafin ya miƙa jikkarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya sa mu gyara, amin.