LAFIYAR IYALI: Ya Dawo Daga Asibiti, Amma Kamar Ba Shi Ba

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani ciwo da ido ba ya gani.

Yawancinmu mun san gidan da abin ya faru. Maigida ya faɗi a kan babur, kansa ya bugi kwalta, ya yi kwanaki a some. Aka sallame shi, rauni ya warke, aka yi murna. Amma bayan wata biyu uwargida ta fara kuka a ɓoye. Mutumin da dā yake da haƙuri yanzu kukan jariri ma yana tunzura shi. A aike shi kasuwa ya manta abin da ya je saya. Maƙwabta kuwa sai su ce sammu ne, ko aljanu, ko lalaci.

Ba ko ɗaya. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi cikin ƙoƙo mai tauri. Sa'ad da kai ya bugu, sai ta jijjigu ta kurje, jijiyoyinta kuma su tsinke. Sashen gaba, watau bayan goshi, shi ne ya fi shan wahala, shi ne kuwa mai riƙe da linzamin fushi, da kunya, da shirya al'amura.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A shekara ta 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani helman masu aikin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin dutse, sai ya fashe. Sandan ƙarfe mai nauyin kilo 6 ya shiga ta kumatunsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, amma halinsa ya sāke har masu aikin suka ƙi mayar da shi. A nan mutane da yawa sukan tsai da labarin. Amma daga baya ya tafi ƙasar Cile, ya yi shekaru yana tuƙa karusar fasinja mai dawakai, kafin ya rasu a 1860. Wani masani ɗan Ostareliya, Malcolm Macmillan, ya bi diddigin rayuwarsa, yana ganin aikin nan mai tsari, abu ɗaya kowace rana a kan lokacinsa, shi ya taimake shi ya koma zama da mutane.

Wannan darasi ne ga gidajenmu. Sauƙi yakan fi sauri cikin wata 6 na fari, amma yana ci gaba har shekaru, gama sassan ƙwaƙwalwa masu lafiya suna iya koyon wani aikin sassan da suka lalace idan ana maimaitawa. Saboda haka a sa masa lokacin tashi, da na abinci, da na barci, kada a riƙa sākewa. A faɗa masa abu ɗaya, ya gama, kāna a faɗi na biyu. A ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta saƙo, ko a sa masa ƙararrawa a waya. A ba shi aikin da zai iya, ko ban ruwan lambu ne, gama zaman banza yana ƙara baƙin ciki. In fushi ya taso kada a yi gardama, a kashe rediyo, a fitar da yara, a bar shi ya huce. Giya da burukutu kuwa sam. In likita ya ce a riƙa zuwa wurin masu gashin ƙashi, kada a fasa don an ga yana tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Waɗansu sukan sami farfaɗiya bayan raunin. A kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a sa cokali a bakinsa, a kai shi asibiti domin akwai magani.

Ga kuma abin da bincike ya nuna game da ranar hatsarin kanta. A 2019 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa mutum fiye da 12,000 a ƙasashe 29. An ga wata allurar tsai da jini mai araha, tiraneksamik, tana rage mutuwa ga waɗanda rauninsu bai kai matuƙa ba, in an yi ta kafin awa 3. Don haka wanda ya bugu a kai, yana amai, ko barci yana ta fizgarsa, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne, kada a ce bari mu gani zuwa gobe.

Doka ma tana da abin cewa. A Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana wariya ga naƙasassu a Nijeriya. Ta haɗa da naƙasar tunani, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma mai raunin ƙwaƙwalwa ba ya riƙe da sanda, shi ya sa akan manta da shi. Mu ne bakinsa. Mu nemi takardar likita, mu raka shi wurin aikinsa, mu tambayi wakilanmu ina wurin koya wa irinsu zaman gida bayan sallama.

Muna tunawa da 2009, sa'ad da aka tilasta sa hular kwano, waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a kā, muka yi dariya. Alhali bincike ya nuna hular gaske tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100.

A ƙarshe, kada mu manta da uwargidan nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin makon nan wani daga cikinmu ya je ya zauna da maigidan awa biyu, domin ita ma ta sami barci.

Sai wata mai zuwa.