Daga Klémat: Hular da Ke Ƙasan Adaka

Wannan makon ba farashin atamfa za mu taɓa ba, zancen gida ne.

Bayan rasuwar Goggo muka buɗe adakarta, sai ga tsohuwar hular kaki da wata takarda mai hatimi da Faransanci. Ɗana ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ashe kakanka ɗan duwan ne?" Ni da na shekara talatin ina ƙorafin 'yan duwan a gadar Ngeli, sai ga shi jininsu ne a jikina! A gidanmu abin da ake faɗa kawai shi ne Malam ya baro Kano da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a Fort-Lamy, ya zauna. Aikin da ya ci da mu kuwa, shiru.

Na gane dalilin shirun. Mai karɓar lanfo ko kuɗin fito ba ya farin jini a cikin fatake. Ko a Najeriya, da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, murna talakawa suka yi. To amma ɓoye sana'ar kaka ɓoye rabin tarihin gida ne, shi ya sa na shiga nema.

Ga abin da na koya, ko wani zai amfana. Na farko, ku san inda takardun suke. Kafin 'yancin kai a 1960, daga Brazzaville ake mulkin Chadi, don haka takardun ma'aikata sun rarrabu: wasu a nan, wasu a Brazzaville, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Na nan kuma yaƙin 1979 da 1980 ya ci da yawa. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne jaridar gwamnati ta lokacin, Journal officiel de l'AEF, inda ake buga ɗaukar ma'aikaci da ƙarin girma da sauyin wurin aiki. Ɗakin karatu na CEFOD a nan Njamena wuri ne mai kyau na farawa. Wanda kakansa ya yi malamin haraji a En'e ta Kano ko Katsina, sai ya nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Na biyu, suna. Kada ka nemi "Usman", nemi "Ousmane". Muhammadu yakan koma Mahamat, Abubakar ya koma Boukar, sau da yawa kuma a liƙa masa "Haoussa" a madadin sunan uba. Garin ma Fort-Lamy za ka nema, don sai a 1973 ya zama Njamena. Wata biyu muka ɓata kafin mu farga.

Da muka same shi, layi uku ne kacal: an ɗauke shi, an sauya masa wuri, an sallame shi. Ba dalili. Sai na ɗauki goro na tafi wurin ƙanwar Goggo, wadda ta haura tamanin. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, sai yanzu? Ayarin alhazai ya bari suka haye kogi ba su biya ba, Nasara ya kore shi." Na ce, "Inna, me ya hana ku faɗa mana?" Ta ce, "Wa ya tambaya?"

Ban ce Malam waliyyi ba ne. Shekarun da ya yi da hular nan, lallai akwai bafataken da ya yi kuka da shi. Takarda ta ba ni abin da ya dami gwamnati, Inna ta ba ni abin da gida ya riƙe, kuma da ta riga mu gidan gaskiya da layi ukun nan kaɗai zan gada.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin mota zuwa Kaduna, fara da tsohuwar da ke ɗakin baya. Kunna rikoda a wayarka, ka tambayi sunan kaka da laƙabinsa da garuruwan da ya zauna. Takarda za ta jira ka, tsohuwa ba lallai ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa.